Wasan jika daban, raini daban

Amaryata, saƙonki ya iso. Kin tambaya me ya sa ke kike ce mini "tsoho mai ran ƙarfe" kowa ya yi dariya, amma da wani mai keke-napep ya faɗa wa wata dattijuwa haka a bakin kasuwar Wunti sai aka yi masa caa. Kuma wai wane irin mutum ne ke raina tsofaffi.

Ke jika ce, wasan kaka haƙƙinki ne. Da kin gama tsokanar, ke ce dai za ki ɗauko mini buta. Shi kuwa bai san ta ba, nawar hawanta ce kawai ta ishe shi.

Wannan rashin sanin shi ne tushen abin. Mu a gidan gandu muka tashi a Jahun, kakarmu ce ke raba mana tuwo, ita ke mana tatsuniya, mu ke matsa mata ƙafa. Da gigin tsufa ya kama ta, ta riƙa kiran mutanen da suka daɗe da rasuwa, ba wanda ya ce mata mayya, don mun san ta tun tana da hankalinta. Yaron da ya tashi daga shi sai iyayensa a gidan haya, ba ya ganin kaka sai da salla, shi ne zai ga tsohuwa tana sambatu ya ɗauki dutse. Wadda ba ta da ɗa ko jika mai tsaya mata kuwa, ita aka fi yi wa.

A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoto cewa cikin kowane mutum biyu a duniya, ɗaya na yi wa tsofaffi kallon raini. Ta ce abin ya fi yawa ga matasa, da maza, da masu ƙarancin ilimi, da masu fargabar mutuwa. Na ilimin ban cika gamsuwa ba, don ranar tantance 'yan fansho wani mai digiri ne ya ce mu koma gida mu jira lokaci. Amma na fargabar na yarda. Furfurarmu ce ke tuna wa mai rainin inda ya nufa, sai ya huce a kanmu.

In kin zo hutu ki taho da ƙanenki, ya kwana biyu a ɗakina ko ya koyi tsugunawa in zai gaida manya. Goro kuma fari nake so, wancan da kika aiko duk ya bushe.