Jarin amya a bakin gonar ful: amsa ga wani ɗan kasuwar Gadarif

Wani Alhaji mai sayar da gyaɗa, wake da ful (wake mai faɗi da ake kira ful masri) a Gadarif ta ƙasar Sudan ya aiko da tambaya. Yana ba manoma kuɗin salam kafin shuka, wato ya biya tun yanzu su kawo masa amfanin gona da girbi, sai wani mai kiwon zuma ya ce ya sa kuɗi a amya ashirin a jera bakin gonakin, wai amfanin zai ninka. Ya shiga ko ya bari?

Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Ka shiga, amma cire maganar ninki daga lissafinka.

Gyaɗa da kanta take barbara, furenta bai jiran ƙudan zuma. Wakenmu ma kusan haka yake. Inda amya ke da rana shi ne ful masri, wanda ake nomawa da hunturu a Dongola da Shandi can arewacin Sudan, sai kuma adasiya, wato waken turawa. A nan idan ƙuda ya yi ta zirga-zirga tsakanin furanni, kwanso yakan fi kamawa, ƙwaya ta cika. To in manomanka na gyaɗa ne, zuma kawai za ka samu.

Abin da mai amya bai gaya maka ba shi ne yanayi, kuma shi ya fi damuna. Da sanyin asubar Janairu ƙuda ba ya fita sai rana ta ɗaga. Ranar da iskar arewa ta taso da ƙura, kaɗan ne ke zuwa gona. In kuma an makara shuka ta wuce Nuwamba, zafin ƙarshen Fabrairu ya riski ful yana fure, furen zubewa yake yi, ko amya ɗari ka ajiye. Lokacin furen 'yan makonni ne, in ya wuce sai baɗi. Ga feshi: manomi ɗaya ya fesa maganin ƙwari da hantsi, ƙudanka sun ƙare. Sai ka samu alkawarinsu cewa feshi sai da yamma lis, kuma su sanar kwana ɗaya kafin nan.

Saboda haka kada ka ƙara ko shawal (buhu) ɗaya a takardar salam don an kawo amya. In fure ya zube, bawan Allah ka ɗora wa bashin da ba zai iya biya ba. Yarjejeniyarka da mai amya ta zama daban, a rubuce, da shaidu, rabonka kuma a zuma da kaki, tunda darajar jinai, kuɗin Sudan, kullum sauka take.

A bana ka fara da amya biyar a gona ɗaya. Da girbi ka ƙirga shawal nawa fadan (fili kusan eka ɗaya) ya bayar, ka gwada da gonar da ke nesa da amya wadda aka shuka mako ɗaya da ita.