Amsa: Janar ɗin Romaniya da ya tare Jamusawa a 1917

Ɗan'uwa, ka tambaya wane ne ya tsayar da Jamusawa a Romaniya lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, kuma ko gaskiya ne sojan igwa ne. Gaskiya ne. Sunansa Eremia Grigorescu, an haife shi a 1863.

Makarantar hafsoshin igwa da injiniyanci ya yi a Bukares, daga baya ya tafi Faris ya ƙaro ilimin lissafi. Kada ka raina wannan. Mai harba igwa sau da yawa ba ya ganin abokin gaba da ido, da lissafin nisa da kusurwar bakin bindiga yake saukar masa da wuta. Grigorescu ya zama birgediya janar a 1915.

A Oktoban 1916 ya riƙe mashigar Oituz a tsaunukan Karfatiya da runduna ta 15, ya hana abokan gaba kutsawa yankin Moldabiya. Daga nan aka san shi da taken "Ba a wucewa ta nan". A Agustan 1917, ana tsakiyar gumurzu a garin Mărășești, aka ɗauke Janar Cristescu aka danƙa wa Grigorescu Runduna ta Ɗaya, da Mackensen, kwamandan Jamusawa, a gabansa. Jamusawa ba su samu wucewa ba.

Sai dai a ganina ana cika yi masa kirari shi kaɗai, alhali akwai sojojin Rasha a fagen, kuma Faransawa ƙarƙashin Janar Berthelot sun taimaka wajen sake gina rundunar Romaniya da kuma ba ta makamai.

Grigorescu ya ɗan riƙe muƙamin ministan yaƙi a ƙarshen 1918, ya rasu a Yulin 1919. Kabarinsa yana Mărășești.