Tambaya da Amsa: 512 ko 1,047, wane adadi zan sa a kundina?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a shekarar ƙarshe a fannin lafiyar al'umma, ina rubuta kundin kammala karatu kan kulawar da masu juna biyu ke samu a ƙananan asibitocin Arewa maso Yamma. Na nemi adadin matan da ke rasuwa sanadin ciki da haihuwa a Najeriya, wani wuri na ga 512, wani wurin 1,047, duk a cikin haihuwa 100,000. Malamin da ke duba aikina ya ce sai na kawo majiya mai tushe. Wanne ne na gaskiya? Kuma ina ake samun sahihan bayanai kan tsarin lafiya da manufofin gwamnati?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ba da sa'a. Duka biyun suna da tushe, ba wanda aka ƙaga. Hanyar da aka bi aka samo su ce ta bambanta, kuma in kika gane hanyar, rabin aikinki ya ƙare.

Adadin 512 ya fito ne daga binciken gida-gida da ake kira NDHS na shekarar 2018, wanda Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar. An yi hira da mata fiye da 41,000 masu shekara 15 zuwa 49. To amma wadda ta rasu ba a hira da ita, don haka 'yan'uwanta ake tambaya. Ma'aikaciya za ta zauna da mace a tsakar gida ta ce: ku nawa mahaifiyarku ta haifa? Wance tana raye? In ta rasu, yaushe? Tana da ciki ne, ko wajen haihuwa ne, ko tana cikin jego? Daga waɗannan amsoshi ake haɗa lissafi, kuma lissafin na shekara bakwai ɗin da suka gabaci binciken ne, ba na 2018 kaɗai ba. Rahoton da kansa ya ce adadin na iya faɗawa ko'ina tsakanin 447 da 578. Ɗalibai da yawa ba sa karanta wannan layin.

Ke da kanki kin san inda gizo ke saƙar. A wurinmu ƙaramin ciki ɓoye shi ake yi, wani lokaci ko uwa ba ta sani sai ya fito. Yarinya tana aure a wani ƙauye mai nisa, ta yi ɓari a wata na uku, jini ya ƙi tsayawa, ta cika. Yayarta abin da ta ji shi ne zazzaɓi ne ya kwantar da ita. Wannan mutuwar ba za ta shiga lissafin masu ciki ba.

Irin wannan giɓi ne ƙididdigar Majalisar Ɗinkin Duniya ke ƙoƙarin cikewa. Adadin 1,047 na shekarar 2020 ne, ya fito a rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF da UNFPA da Bankin Duniya suka fitar a 2023. Su ba sa shiga gidaje. Suna tattara binciken da aka riga aka yi, su yi masa gyara saboda mace-macen da ake kyautata zaton sun kuɓuce, su zuba a ma'aunin lissafi guda da suke auna kowace ƙasa da shi. Amfaninsa shi ne kwatanta Najeriya da Nijar ko Ghana. Rauninsa kuwa, kintace ne, kuma duk lokacin da suka fitar da sabon rahoto sukan sake lissafin shekarun baya. Saboda haka kada ki ɗauko adadi daga tsohon rahotonsu ki jera da na sabo ki ce abu ya hau ko ya sauka. Kuskuren da ya fi wannan muni shi ne ki rubuta cewa mace-mace sun ninka daga 512 a 2018 zuwa 1,047 a 2020. Na sha ganin haka a kundin ɗalibai, har a jarida. Kamar mutum ya auna hatsi da mudu yau, gobe ya auna da tiya, ya ce an yi masa sata.

Shawarata: ki kawo su duka biyu, ki faɗi wanda ya fitar da kowanne, da shekarar da yake magana a kai, da yadda aka samo shi. Malaminki zai fi gamsuwa da haka.

Amma tunda aikinki kan Arewa maso Yamma ne, adadin mace-mace na ƙasa baki ɗaya ba zai kai ki ko'ina ba. Abin da zai amfane ki a NDHS shi ne jadawalin da aka rarraba jiha-jiha: mata nawa suka je awon ciki, sau nawa, nawa suka haihu a asibiti, wa ya karɓi haihuwar. A na 2018, kashi 39 cikin ɗari na haihuwa ne aka yi a asibiti a faɗin ƙasa, a Arewa maso Yamma kuwa kashi 16 ne kacal. An yi wannan bincike a 1990, 1999, 2003, 2008, 2013, 2018, sannan na 2023 zuwa 2024, don haka ki nemi na baya-bayan nan ki gwama da na da. Rahotannin kyauta ne. Ki sauke su ki adana a kwamfutarki, domin a farkon 2025 gwamnatin Amurka ta janye tallafin da take ba shirin, abin da ke intanet yau kuma ba a ba shi amanar gobe. Ƙanwar NDHS ita ce MICS, ita ma binciken gida-gida ce, wadda Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ke yi tare da UNICEF, ta 2021 tana da bayanai masu kyau kan rigakafin yara.

Sai kuma alƙaluman da asibitoci ke turawa kowane wata, waɗanda ake zubawa a manhajar DHIS2 da Jami'ar Oslo ta ƙasar Norway ta ƙirƙira. Nan ne za ki samu bayanin ƙaramar hukuma, har na asibiti ɗaya, abin da binciken gida-gida ba ya bayarwa. Sai dai ki san yadda ake dafa su. Na taɓa zuwa duba aiki a wani ƙaramin asibiti ana kwana biyu wata ya ƙare. Ma'aikaciya ɗaya ce a wurin, ita ce awon ciki, ita ce allurar yara, ita ce ba da magani. Rajistar masu haihuwa ta cika tun tsakiyar wata ba a kawo sabuwa ba, sai ta ci gaba da rubutawa a littafin 'yan makaranta mai shafi 60. Da fitilar waya take kwafe jimilla zuwa fom ɗin da za a kai ƙaramar hukuma. Ban ga laifinta ba ko kaɗan, amma tun daga ranar nake kallon waɗannan alƙaluma da ido biyu. Ga shi kuma ba su san da matar da ta haihu a ɗaki hannun ungozoma ba, asibitocin kuɗi da yawa kuma ba sa turawa. Wani lokaci za ki ga an ce rigakafi ya kai kashi 120 cikin ɗari a wata ƙaramar hukuma. Dalili shi ne yawan jama'ar da ake rabawa da shi kintace ne daga ƙidayar 2006, wadda ita ce ta ƙarshe da aka yi. Don samun waɗannan bayanai, ki karɓi takarda daga makarantarku zuwa sashen tsare-tsare da bincike da ƙididdiga na ma'aikatar lafiya ta jiharku.

Misali ɗaya da ke nuna ƙarfin hanyar bincike: an daɗe ana cewa masu ɗauke da ƙwayar cutar HIV a Najeriya sun kusa kashi 3 cikin ɗari. Da aka yi babban binciken NAIIS a 2018, aka shiga gidaje aka gwada jini, sai aka samu kashi 1.4 a tsakanin 'yan shekara 15 zuwa 49. Ba warkewa mutane suka yi dare ɗaya ba, ma'aunin ne ya gyaru.

Game da manufofi kuwa, ki karanta dokar da kanta, kada ki tsaya ga abin da jarida ta ce dokar ta ce. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ita ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, wato BHCPF, ta ce a ware masa aƙalla kashi 1 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, kuma daga nan ne wani kaso ke gangarowa ƙananan asibitocin da kike nazari. Dokar 2022 ta maye gurbin tsohon shirin inshorar lafiya na ƙasa, NHIS, da sabuwar hukuma, NHIA, ta mayar da inshorar lafiya wajibi. Yarjejeniyar Abuja ta 2001 ita ce asalin maganar ware kashi 15 na kasafin kuɗi ga lafiya. Nan ma akwai tarko: abin da aka rubuta a kasafi daban, abin da aka saki daban, abin da aka kashe daban. Ki nemi rahoton aiwatar da kasafi na wata uku-uku da jihohi ke wallafawa. A rumbun Hukumar Lafiya ta Duniya na kuɗin da ake kashewa kan lafiya za ki ga cewa fiye da kashi 70 cikin ɗari daga aljihun jama'a yake fitowa. In wata hukumar tarayya ta hana ki takarda, Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba ta kwana bakwai ta amsa buƙatar da aka rubuta mata.

Maƙalun masana kuma, ki fara da PubMed, rumbun neman maƙalun lafiya a intanet, sannan AJOL don mujallun Afirka. Wadda aka kulle sai da kuɗi, ki tambayi ma'aikacin laburarenku ko makarantarku tana cikin shirin Hinari, wanda ke buɗe wa makarantun ƙasashe masu tasowa irin waɗannan mujallu. Rahoton da mujallar Lancet ta fitar kan Najeriya a 2022 zai ba ki hoton tsarin gaba ɗaya, jerin majiyoyin da ke ƙarshensa ma taska ce. Mujallar da ta yi alkawarin buga aiki cikin mako guda in an biya, ki bar ta inda kika gan ta. Haka manhajojin ƙirƙirarriyar basira: sukan ba da sunan maƙala da marubuci da shekara tsaf-tsaf, ki je nema ki tarar babu ita. Duk wadda ba ki buɗe da idonki ba, kada ta shiga kundinki.

Ki buɗe jadawali a bayan littafinki mai gida biyar: adadin, wanda ya fitar, shekarar da aka tattara, hanyar da aka bi, da lambar shafi. Shekarar tattarawa nake nufi, ba ta bugawa ba, domin rahoton 2023 ɗin can maganar 2020 yake yi. Ranar kare kundi, in aka tambaye ki inda kika samo 512, shafin za ki buɗe.