Amsa ga sabuwar lauya mai neman gurbin horo kan sirrin bayanai da dokokin intanet

Barista, barka da shiga sahun lauyoyi, Allah ya sa albarka. Kin tambaya ko wadda ta karanta shari'a a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, ta kuma fito daga makarantar lauyoyi ta Bagauda, za ta iya samun irin guraben horo masu alawus da ƙungiyoyin kare haƙƙin jama'a ke bai wa sabbin lauyoyi a wannan fanni. Na daɗe ina duba wa ƙannenmu a nan Katsina takardun neman irin waɗannan gurabe, don haka zan faɗi abin da na gani.

Yawancin tallace-tallacen da ake yaɗawa na Amurka ne. Ƙungiyoyin kare sirrin bayanai da 'yancin intanet irin su EPIC da ke Washington tun 1994, da EFF da aka kafa a 1990, sukan ɗauki sabon lauya shekara ɗaya ko biyu yana rubuta hujjojin da za a gabatar a kotu, yana kuma neman hukumomi su fito da bayanan da suka ɓoye. Shirye-shiryen tallafa wa sabbin lauyoyi na Skadden da Equal Justice Works kuwa albashin shekara biyu suke biya. Sai dai galibinsu suna neman wanda ya yi karatun shari'a a can, yana da lasisin wata jihar Amurka da izinin aiki, saboda haka kada ki ɓata watanni a kansu, sai fa idan kina da niyyar zuwa yin digiri na biyu.

Ƙofofin da suka fi buɗe miki suna kusa. Paradigm Initiative ta Legas da CIPESA ta Kampala sukan buɗe gurabe ga matasan Afirka, Media Defence ta Landan tana horar da lauyoyin nahiyar nan kan shari'o'in 'yancin magana a intanet, akwai kuma AfriSIG, makarantar 'yan kwanaki kan tsarin tafiyar da intanet da ake yi duk shekara tun 2013. Shirin ICANN, mai kula da sunayen adireshin intanet, kuɗin halartar taro yake ɗauka, ba aiki ba ne. Cibiyar fasahar sadarwa ta CITAD ma ga ta nan Kano, tafiyar sa'o'i kaɗan.

Abin da ke raba wanda aka ɗauka da wanda aka bari, a iya ganina, shi ne rubutun da ya haɗa da takardarsa. Da yawa sukan aika dogon sharhi kan dokar kare bayanai ta Turai, wato GDPR, alhali masu tantancewa sun karanta irinsa har sun gaji. Ke kuwa kina zaune a jihar da aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi da dama a watan Satumban 2021 saboda matsalar 'yan bindiga. Wace doka ce ta ba da wannan iko, wa ya sa hannu, kuma ina ɗan kasuwar Jibiya ko Funtuwa da cinikinsa ya tsaya zai kai ƙara? Ki auna wannan da hukuncin kotun ECOWAS na Yulin 2022, wanda ya ce dakatar da Twitter da gwamnatin tarayya ta yi ya saɓa wa doka, ki fito da matsayinki ko da kuwa kina ganin tsaro ya wajabta matakin. Shafi biyar masu hujja a kan wannan sun fi hamsin na kwafe.

Haka nan manhajojin bashi da ke kwashe lambobin wayar mutum suna tozarta shi a gaban dangi da surukai. Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 da Dokar Kare Bayanai ta 2023 sun ba ki abin riƙewa, kuma rubuta wa mutum guda ƙorafi zuwa hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC, ko da kyauta ne, aiki ne da za ki iya nunawa. (Ki ɓoye sunansa kafin ki tura wa masu tantancewa, don nan ma ana gwada ki.)

Batun kuɗi kuma, alawus ɗin na ɗan lokaci ne, wasu guraben ma daga gida ake yin su. Ki sanar da maigidanki a ofis tun da wuri, ki roƙe shi takardar shaida wadda ta ambaci ainihin ayyukan da kika yi, kuma kada ki daina zuwa kotu, domin ƙungiyoyin nan suna matuƙar buƙatar lauyan da ya san yadda ake shigar da ƙarar tauye haƙƙi a Babbar Kotun Tarayya.