Tambaya da Amsa: Wai wanda ke gaba a ƙuri'ar jin ra'ayi shi ne zai ɗauki tikiti?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, barka da aiki. Don Allah ka raba mana gardama, ni da wani abokina mun kusa ɓatawa a wajen mai shayi kan zaɓen fidda gwani na Amurka. Shi ya ce tunda can ba daliget ake lallashi ba, duk wanda ƙuri'ar jin ra'ayin jama'a ta nuna yana gaba tun shekara guda kafin zaɓe to an gama, ni kuma na ce masa ƙarya ce 'yan jarida ke shiryawa. Wa ke da gaskiya? Daga mai karatu a Zariya.

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. To ku duka biyun kun zame, amma kar ku ɓata saboda zaɓen da ko ƙuri'a ba ku da ita a ciki.

Alƙaluman nan ba ƙirƙirarsu ake yi ba, da gaske ana kiran mutane a waya ko a bi su ta intanet a tambaye su. Matsalar ita ce idan saura shekara guda, yawancin mutane ba su ma fara tunanin zaɓen ba, kawai sunan da suka fi ji a talabijin shi za su faɗa maka. Ka ga ke nan sanin suna aka auna.

Ka ba abokinka labarin Rudy Giuliani. Shi ne magajin garin New York lokacin harin 11 ga Satumba 2001, babu gidan da ba a san shi ba, kuma kusan duk shekarar 2007 shi ke kan gaba a jam'iyyar Republican, a lokacin kuwa John McCain kuɗin kamfen ɗinsa sun ƙare a tsakiyar shekarar, manyan ma'aikatansa sun watse, har an fara yi masa jaje. Sai Giuliani ya yi wata dabara da ta kayar da shi, ya ja jiki daga ƙananan jihohin da ake fara zaɓe ya je ya tare a Florida yana jira wai can zai yi musu shigar sauri. Kafin a iso Florida McCain ya riga ya ci New Hampshire da South Carolina, ranar 29 ga Janairu 2008 Giuliani ya zo na uku a Floridar, washegari ya janye ya ɗaga hannun McCain ɗin da ake wa jaje.

Dalili shi ne su ba rana ɗaya suke yin fidda gwani ba, jiha-jiha ake bi tsawon watanni, kuma wanda ya ci na farko shi jaridu ke rububi, masu ba da gudummawa su koma wajensa, wanda ya faɗi kuma ko wayarsa a daina ɗauka. Haka ta faru da Hillary Clinton a jam'iyyar Democrat a waccan shekarar, tazarar da ta ba Obama a 2007 ba kaɗan ba ce, amma ranar 3 ga Janairu 2008 Obama ya ci Iowa ita ta zo ta uku, bayan John Edwards ma. Abin dariya kuma, kwana biyar bayan nan masu jin ra'ayin suka ce Obama zai lashe New Hampshire, sai ga Hillary ta ci.

Amma fa kai ma kar ka tafi kana murna. Trump ya fito takara a Yunin 2015, daga Yuli ya hau gaba, masana suka yi ta cewa iska ce za ta wuce, mutumin nan kusan bai sauko ba har ya karɓi tikiti, shi kuwa Jeb Bush da aka tara masa sama da dala miliyan 100 tun Fabrairun 2016 ya haƙura. Biden ma haka, kusan duk 2019 yana gaba, a 2020 ya zo na huɗu a Iowa, na biyar a New Hampshire, aka ce tsoho ya gama yawo, sai baƙaƙen fata na South Carolina suka ɗaga shi. Ni abin da nake dubawa shi ne wata nawa mutum ya yi a sama ana sukarsa bai motsa ba. Wanda ya yi tashin gishirin Andurus kamar su Rick Perry da Herman Cain na Republican a 2011, kowa ya ɗana 'yan makonni ya sauka, wannan ba na sa shi a lissafi.

Maganar daliget kuwa, can ma akwai su, sai dai ƙuri'ar jama'a ce ke raba wa 'yan takara su. Mu nan ai ka tuna fidda gwanin APC na Yunin 2022, irin hayaniyar da magoya bayan Osinbajo suka yi a soshiyal midiya, da aka ƙirga ya tashi da 235, Tinubu 1,271.

TAMBAYA: Malam ina wuni. Ni abin da ya ɗaure min kai, ƙasa mai mutum sama da miliyan 300, a tambayi mutum 1,000 a ce wai an san ra'ayin kowa? Daga wata mai karatu a Maraɗi.

AMSA: Lafiya lau 'yar'uwa. Idan kin je sayen gero ai ba kya zazzage buhu, hannu kike zurawa ki ɗebo, in dai an gauraya shi da kyau wannan ɗan abin ya isa. Inda ake cutuwa shi ne mai buhu ya zuba mai kyau a sama, wato a ce waɗanda suka amsa waya duk iri ɗaya ne, ko kuma rabinsu ranar zaɓe ba za su fita ba, kuma a fidda gwani wannan ya fi yawa don mutane kaɗan ne ke fitowa.

A lissafi mutum 1,000 kuskurensu bai cika wuce maki 3 sama ko ƙasa ba, amma ki lura, a cikin dubun nan wataƙila 400 ne kawai 'yan jam'iyyar da ake magana a kai, to kuskuren ya koma wajen maki 5. Saboda haka in kin ga an rubuta wane yana da kashi 22, wane 19, a ce wai na farkon ya sha gaba, ki duba can ƙasa inda suke rubuta yawan mutanen da aka tambaya da ƙananan baƙaƙe, sau da yawa za ki tarar kunnen doki suka yi.