Ayabar da ta nuna ta yi baƙi: amsa ga 'yar'uwa mai tambaya

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Na karanta tambayarki, kin ce maigida ya zo da tsarabar ayaba mai yawa, zafi ya dafa ta a kwana kaɗan, bayanta ya yi baƙi, cikinta ya yi lugub, yara sun ƙi ci, kuma ba ki da obin. Don Allah kada ki zubar. Ayabar da ta kai wannan matsayin ita ce ainihin ta yin kek, wadda ake ci da hannu ma ba ta kai ta ba. Na daɗe ina yi a gida, a obin da kuma a tukunya, to bari in faɗa miki yadda nake yi da inda aka fi samun matsala.

Ki fara ɓare guda ɗaya ki duba. Nuna daban, ruɓa daban. Idan cikin ya yi laushi, ya ɗan yi ruwan ƙasa, ƙamshinsa mai zaƙi ne, to lafiya lau, ko da ɓawon ya yi baƙi ƙirin. Amma idan kika ga fumfuna, ko ɓawon ya fashe ruwa na tsiyaya ƙudaje sun bi, ko kika ji wari mai tsami yana bugun hanci, wannan kam ta tafi, gashi ba zai gyara ta ba. Wadda gefe ɗaya ne kawai ya ƙuje, ki yanke wurin ki yi amfani da sauran.

Dalilin da ya sa nake cewa ita ce ta kek: ɗanyar ayaba sitaci ne ya cika ta, kusan kashi 20 cikin 100 na nauyinta. Tana nuna sitacin nan yana juyewa sukari, har ya zama saura ɗan kaɗan, ƙamshin kuma ya ƙaru. Ke nan ta zo miki da sukarinta da ruwanta, kuma dole ki yi lissafi da su. Yawancin masu cewa kek ɗin ayaba ya yi musu danƙo a tsakiya, ma'aunin kek ɗin biki suka ɗauko suka ƙara ayaba a kai, ruwa da zaƙi suka yi yawa. Sai dai akwai ayabar da aka tilasta wa nuna da sinadarin kabayid, wanda NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna ta Najeriya, ta daɗe tana gargaɗi a kansa. Irinta za ki ga baya ya yi rawaya tas amma ciki da tauri, ba zaƙi ba ƙamshi. Shi ya sa nake cewa ki ɗanɗana kafin ki yanke yawan sukarin da za ki sa.

Da gwangwanin madarar ruwa nake awo, tunda kowa na da shi. Fulawa gwangwani 3. Ayaba, bayan an dame ta, gwangwani 2 da ɗan ɗori, wato manya guda 3 ko ƙanana 5 zuwa 6. Sukari gwangwani ɗaya da bai cika ba, kamar kashi uku cikin huɗu, in kuwa ayabar ta yi zaƙi sosai rabin gwangwani ya wadatar. Man gyaɗa ko narkakkiyar bota shi ma kashi uku cikin huɗu na gwangwani. Ƙwai 2, kindirmo babban cokali 3, bekin soda ƙaramin cokali 1 a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali. Sai kirfa da gyaɗar ƙamshi kaɗan in kina so. Ni na fi son mai a kan bota a wannan kek ɗin, domin na mai yana kwana biyu da laushinsa, na bota kuwa yana yin tauri idan ya sha sanyi. Amma man ya zama wanda ba a taɓa suya da shi ba, kuma idan na ƙuli ne mai ƙarfin ƙamshi, ki sani zai fito a kek ɗin.

Maganar soda da kindirmo tana da muhimmanci. Bekin soda ba ya tashi sai ya haɗu da abu mai tsami. Ayaba na da ɗan tsami amma ba ya isa kullum, kindirmon ne ke cike gurbin. In babu kindirmo, ki matse lemon tsami ƙaramin cokali ɗaya a madara daidai yawan kindirmon ki bar ta minti biyar. In kuma bekin foda kaɗai gare ki, ki sa ƙaramin cokali 2 da rabi, zai tashi, sai dai ba zai yi duhun nan mai kyau kamar na soda ba. Kada ki ƙara soda wai don ya ƙara kumbura, ɗanɗanon kanwa zai yi miki. Kuma ki gwada wanda ke gidan kafin ki fara, tunda yana mutuwa in ya daɗe a buɗe: ki ɗiga lemon tsami a kan soda, foda kuma ki zuba masa ruwan zafi. Wanda bai yi kumfa ba ya gama aiki.

Ki dame ayabar da cokali mai yatsu, ba da bilenda ba. Bilenda na mayar da ita ruwa tsululu, alhali 'yan gudajin nan da suka rage su ne daɗin. Ki zuba sukari, mai, ƙwai da kindirmo a kai ki juya su haɗe. A wani kwano daban ki tankaɗe fulawa da soda da gishiri da kayan ƙamshi. Sai ki juye na garin a kan na ruwan, ki juya da muciya a hankali daga ƙasa zuwa sama. Da zarar kin daina ganin farin gari, ki tsaya. A nan ne hannu ke yaudarar mu, domin mun saba da bugun ƙullun fanke da na alkaki, inda ake so a buga sosai. Shi wannan in kika buga shi danƙon fulawar zai tashi, kek ɗin ya fito da tauri da ramuka a ciki. Kwaɓin zai yi kauri, yana faɗowa daga muciya da nauyi, haka ake so. Kada ki ga kaurin ki ƙara ruwa. Kuma kada ki kwaɓa ki ajiye, soda na fara aiki ne tun lokacin da ya jiƙa, don haka wutarki ta zama a shirye kafin ki haɗa.

Abin da za ki ƙara a ciki ya rage naki. Soyayyiyar gyaɗa da aka ɗan daddaka tana tafiya da ayaba ƙwarai, haka kwakwa da aka goga. Dabino ma yana yi, amma in kin sa shi ki ƙara rage sukari. Ki ɗan barbaɗa musu fulawa kafin ki zuba don kada su nutse ƙasa.

Yanzu maganar rashin obin. Ki samu tukunya mai kauri mai murfin da ke rufuwa ruf. Ki zuba yashi mai tsabta, busasshe, kaurin yatsa biyu a kwance, ko gishiri in kina ƙyamar yashi. Ki rufe ki ɗora a wuta minti 10 zuwa 15 ta ɗauki zafi. Ki ɗora ƙaramin murfi ko wayar gashi a kan yashin, yadda gindin gwangwanin kek ɗin ba zai zauna kai tsaye a wuri mai zafi ba. Shawarata da babbar murya, ki raba kwaɓin a ƙananan gwangwanaye, kada ki zuba shi a babba guda ɗaya. A tukunya zafi daga ƙasa yake zuwa, kek ɗin ayaba kuma mai nauyi ne mai ruwa, babba sai ƙasansa ya ƙone tsakiya ba ta dahu ba. Gwangwanayen kek na alminiyom da ake sayarwa a kasuwa sun fi, domin wasu gwangwanayen abinci akwai shafe a cikinsu da ba a yi shi don gashi ba. Ki shafa mai, ki barbaɗa fulawa, ki zuba kwaɓin ya ɗan wuce rabi.

Wuta ƙasa-ƙasa. In gas ne ko risho, ki rage har kusan ƙarshe. In gawayi ne, ki bari ya ruru ya zama garwashi, ki rage na ƙasan, ki ɗora 'yan kaɗan a kan murfin don saman ya yi ja. Kada ki buɗe a minti 20 na farko, duk buɗewa zafi ne ke fita, kuma tsakiyar na iya faɗawa. Ƙanana sukan ɗauki minti 25 zuwa 35. Ki soka tsinken sakace a tsakiya, can inda ya fi tudu. In ya fito da ɗanyen kwaɓi ki mayar, in ya fito da ɗan burbushi kawai ya yi. Wani lokaci tsinken gudan ayaba yake samu ya fito da laima, don haka ki soka wuri biyu. Ga masu obin da za su karanta, digiri 175 zuwa 180 a ma'aunin Salsiyos, doguwar gwangwani ɗaya tana cin minti 50 zuwa awa ɗaya, in saman ya yi duhu da wuri a rufa masa takardar foyil. Tsagewar da yake yi a sama ba aibi ba ce.

In ba ki son sha'anin yashi, ki turara shi a madambaci kamar alala, a ƙananan kofuna, minti 30 zuwa 40. Ki naɗe murfin da tsumma mai tsabta don kada ruwan tururi ya ɗiga a kai. Ba zai yi ja ba, amma laushinsa ya fi na gashi, kuma tsofaffi sun fi son sa haka.

Idan ya sauka ki ba shi minti goma a gwangwaninsa, sannan ki fitar ya sha iska. Kada ki yanka da zafi, zai dame miki ki ɗauka bai dahu ba. Ni a wurina ma ya fi daɗi washegari da shayi, lokacin ƙamshin ya gama ratsa shi. Amma da zafin nan namu kada ya wuce kwana biyu a waje, domin laimarsa na jawo fumfuna da wuri, kuma kada ki ƙulle shi a leda yana da ɗumi. Masu ciwon suga a gidan kuma a kula, ko ba a sa sukari ba ayabar da ta nuna haka zaƙinta da yawa.

Tunda kin ce tana da yawa, kek ɗaya ba zai cinye ta ba. Ki dame guda biyu a ƙullun fanke, ki rage sukari da ruwa, ki soya a wuta matsakaiciya don yana saurin yin duhu. Da safe kuma ayaba ɗaya, ƙwai ɗaya, fulawa babban cokali 3 da ɗan bekin foda, a kasko da mai kaɗan, yaran da suka ƙi ta za su cinye. In firizarki na samun wuta sosai, ki ɓare sauran ki ƙulla uku-uku a leda, kowane ƙulli kek ɗaya ke nan, tana wata biyu zuwa uku. Idan kin fito da ita za ta saki ruwa, ki haɗa da shi a kwaɓin, in ya yi yawa ki cire kindirmo cokali ɗaya. In kuwa wutar unguwarku ta je-ka-ka-dawo ce, gara ki gasa duka yau ki aika wa maƙwabta.

Gaba in an kawo da yawa, ki fitar da ita daga leda nan take. Ayaba na fitar da wata iska mai suna etilin wadda ke sa ta nuna, leda kuma tana tare iskar. Ki raba ta da mangwaro da tumatir, ki rataye ta inda iska ke kaɗawa. Wadda ta riga ta nuna za ki iya sa ta a firji, ɓawon zai yi baƙi saboda sanyi amma cikin zai ƙara kwana biyu zuwa uku. Ɗanya kam kada ki sa, ba za ta nuna daidai ba.

In kin gwada ki turo mana hoton tsakiyarsa bayan kin yanka, daga nan zan gane ko wuta ce ko kwaɓi in wani abu bai yi ba. Allah ya sa albarka.