Shin abinci yana iya gyara furotin ɗin jinin mai AS?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. An yi wa 'yata gwajin jini na kafin aure, sakamako ya nuna AS, likita kuma ya ce lamarin daga wani furotin ne da ke cikin jininta. Ni dai a nama da wake na san furotin. Idan na inganta mata abinci, jinin zai gyaru? Daga wani mahaifi a Misfala, Makka.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Alhaji. Abinci mai kyau zai amfane ta, amma ba zai mayar da AS ya zama AA ba, kuma dalilin yana cikin yadda aka gina jikin ɗan Adam tun daga ƙananan sinadaransa.

Idan aka ware ruwa, wanda shi ne kusan kashi 60 cikin 100 na nauyin baligi, mafi yawan abin da ya rage ya kasu gida huɗu. Akwai sukari da danginsa, irin na dabino da sitacin shinkafa, waɗanda jiki ke ƙonawa don samun ƙarfi. Akwai kitse, wanda ake ajiyewa domin lokacin buƙata, ake kuma gina fatar kowace ƙwayar halitta da shi. Waɗannan biyun ba su shafi tambayarka ba. Sauran biyun, furotin da DNA (sinadarin da ke ɗauke da umarnin gado a cikin ƙwayar halitta), su ne gindin maganar.

Furotin sarƙa ce ta ƙananan sinadarai da ake kira amino asid, iri 20, waɗanda ake jerawa kamar 'ya'yan carbi a zare, sai dai a nan jerin ne ke tantance yadda sarƙar za ta naɗe, naɗewar kuma ita ke tantance aikinta. Idan 'yarka ta ci nama, ciki da hanji suna warware furotin ɗin rago zuwa amino asid ɗai-ɗai, sa'annan jikinta ya sake jera su bisa umarnin da ke cikin DNA ɗinta, wanda ta gada rabi daga gare ka, rabi daga mahaifiyarta. Saboda haka abinci kayan aiki kawai yake kawowa, ba shi da ta cewa a kan jerin.

Furotin ɗin da likita yake nufi shi ne himogulobin, wanda ke cikin jajayen ƙwayoyin jini, yana ɗaukar iskar oksijin daga huhu zuwa sassan jiki. Sarƙoƙi huɗu gare shi, biyu alfa masu amino asid 141 kowace, biyu kuma beta masu 146. A himogulobin nau'in S, wato na sikila, a cikin sarƙar beta, a gurbi na 6, inda ya kamata gulutamik asid ya zauna, sai wani amino asid mai suna balin ya maye gurbinsa, saboda harafi ɗaya tak ya sauya a DNA, GAG ya koma GTG. A ganina babu misalin da ya fi wannan nuna ƙarfin ƙaramin sinadari, domin gulutamik asid yana jituwa da ruwa, balin kuwa yana gudunsa, don haka idan oksijin ya yi ƙaranci sai himogulobin ɗin ya manne wa juna ya zama dogayen zaruruwa masu tauri, ƙwayar jinin ta lanƙwashe kamar lauje, ta toshe ƙananan hanyoyin jini. Daga nan ciwon ƙashin masu sikila, wato masu SS, yake tasowa. Ƙarancin jininsu kuma ya samo asali ne daga cewa lafiyayyar ƙwaya tana rayuwa kimanin kwana 120, ta sikila kuwa 10 zuwa 20. Linus Pauling da abokan aikinsa a Amurka ne suka nuna a 1949 cewa himogulobin ɗin masu cutar ya bambanta da na sauran mutane, daga baya Vernon Ingram ya gano ainihin amino asid ɗin da ya sauya a Kambirij ta Ingila.

Ka kwantar da hankalinka game da ita kanta yarinyar. Mai AS ta gaji S ɗaya ne da A ɗaya, kuma lafiyayyen himogulobin da ke jininta ya isa ya hana lanƙwashewar a yawancin yanayi. Har ma tana da ɗan kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, abin da ya sa wannan gado ya yawaita a ƙasar Hausa da Sudan, da kuma Jazan da Ahsa a nan Saudiyya.

Abin dubawa shi ne sakamakon manemin. Idan AA ne, 'ya'yansu ba za su zama SS ba. Idan kuwa shi ma AS ne, to kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS, kuma lissafin sabo yake komawa a kowane ciki, ba wai ɗa ɗaya cikin kowane huɗu ba kamar yadda mutane da yawa suke ɗauka. Dalilin da ya sa Saudiyya ta wajabta wa 'yan ƙasa wannan gwaji tun 2004 ke nan, kuma ya dace ku zauna da likitan tare da iyayen yaron kafin a sa rana.